Yadda Ake Saka Katin Ƙara Gudu a Kwamfutar Amiga 1200

Kamfanin Commodore ya fitar da kwamfutar Amiga 1200 a ƙarshen shekarar 1992, ɗauke da ƙwaƙwalwa (wato guntun da ke sarrafa umarni) ta Motorola 68EC020 mai gudun kusan MHz 14 da memori MB 2. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar ƙofa ta roba wadda idan aka cire ta za a ga bakin babban fanel mai haƙora 150, kuma ta nan ne ake cusa katin ƙara gudu, wato wani ƙaramin fanel mai ɗauke da tasa ƙwaƙwalwar da nasa memorin, wanda ke karɓe aikin lissafi daga hannun ƙwaƙwalwar asali da zarar an kunna wuta. Bayan durƙushewar Commodore a watan Afrilun 1994, waɗannan katuna ne suka ci gaba da riƙe kwamfutar a hannun masu ita, musamman a Jamus da Ingila. Cusa katin aikin minti goma ne. Abin da ke cin lokaci, kuma abin da yawancin matsaloli ke fitowa daga gare shi, shi ne shirin da ya kamata a yi kafin a taɓa ƙofar, domin na'urar ta haura shekara talatin, kuma katin zai nemi wutar da ba ta saba bayarwa ba.

Abin da katin yake canzawa

Memorin MB 2 da kwamfutar ta zo da shi ana kiransa Chip RAM, kuma ba na ƙwaƙwalwa ba ne ita kaɗai. Guntayen da ke kula da hoto da sauti da faifai su ma daga cikinsa suke ɗiba, kuma su ake fara bai wa hanya, saboda haka duk lokacin da allo ya cika da launuka sai ƙwaƙwalwar ta tsaya jira, kamar mai ɗiban ruwa a famfo guda da unguwa duka ke layi a kansa. Memorin da ke kan katin, wanda ake kira Fast RAM, na ƙwaƙwalwa ne kawai, babu mai tare mata shi. Wannan ne ya sa ko da ba a canza ƙwaƙwalwa ba, ƙara Fast RAM kaɗai yakan kusa ninka gudun Amiga 1200 sau biyu. Duk wanda ya sayi kati mai ƙarfi amma ya bar gurbin memorinsa babu komai, to ya yi asarar kuɗinsa, domin sabuwar ƙwaƙwalwar za ta koma layin nan guda, wani lokacin ma har a ga kamar ba a ƙara komai ba.

Akwai kuma batun iyakar adireshi. Ƙwaƙwalwar 68EC020 layuka 24 gare ta na adireshi, don haka ba ta iya ganin abin da ya wuce MB 16 gaba ɗaya, kuma a cikin wannan fili MB 8 ne kawai aka ware wa ƙarin memori. Rabin wannan MB 8 ɗin ya faɗa wuri guda da adireshin ramin PCMCIA, wato ramin cusa ƙananan katuna da ke gefen hagu na kwamfutar. Idan katinka mai sauƙi ne, wanda ke zuba memorinsa a wannan fili, kuma ka saka masa fiye da MB 4, ramin PCMCIA zai daina aiki, alhali kuwa ta nan ne mutane da yawa ke shigar da fayiloli da katin ajiya na CompactFlash. Cikakkiyar 68030 da waɗanda suka biyo bayanta suna da layuka 32, kuma kati mai kyau yakan ajiye memorinsa can sama da MB 16, inda babu wannan karo. Wasu katunan masu araha ba su yin haka ko da suna ɗauke da 68030, saboda haka a bincika wannan kafin a biya kuɗi.

Mataki na farko: zaɓen kati

A ganina, ga wanda ke son wasanni da manhajojin wancan zamani su yi aiki ba tare da wahala ba, 68030 mai gudun MHz 40 zuwa 50 ita ce daidai. Ba ta zafi ƙwarai, ba ta cin wuta da yawa, kuma ba ta buƙatar a saka mata wata manhaja ta musamman kafin ta tashi. Fitaccen misali shi ne Blizzard 1230 IV na kamfanin Phase5 na Jamus, mai 68030 a kan MHz 50, da gurbin memorin SIMM guda mai haƙora 72 wanda ke ɗaukar har MB 128, da gurbin guntun lissafi 68882 ga mai buƙata, da agogo mai batir. Kamfanin GVP na Amurka shi ma ya yi nasa katunan, haka nan akwai jerin Apollo. Da wannan Blizzard ɗin zan riƙa misali, amma tsarin aikin kusan ɗaya ne a sauran.

Ƙwaƙwalwar 68040 ta fi ƙarfi, sai dai tana da zafi sosai, kuma a cikin matsattsen akwatin Amiga 1200 ba ta zama lafiya sai da fanka. Ita kuwa 68060, wadda ta fito a 1994, ta fi su duka gudu kuma da bolt 3.3 take aiki, amma tana da tsada, kuma kasuwarta ta cika da guntayen da aka goge rubutunsu aka sake buga wani. A lura da haruffan da ke cikin sunan guntu: 68EC030 ba ta da sashen sarrafa adireshin memori da ake kira MMU, 68LC040 da 68LC060 kuma ba su da sashen lissafin ɓangarorin lamba. Wasanni ba su cika damuwa da wannan ba, amma manhajojin zanen hoto mai fuska uku suna damuwa.

Ba dole ne a nemi tsohon kati ba. Kamfanin Individual Computers na Jamus ya ƙera jerin ACA, akwai TerribleFire na Stephen Leary, akwai Vampire da ke amfani da FPGA, wato guntun da ake iya tsara masa irin aikin da zai yi, sannan akwai PiStorm32 wanda ke ɗora ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a madadin ƙwaƙwalwa. Sababbin sun zo da memori a manne, abin da ke kawar da wahalar neman tsohon SIMM. Wasunsu kuma suna neman bugu na 3.1 na Kickstart, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, wadda ke cikin guntun da ake kira ROM, alhali kwamfutocin da Commodore ya fitar da 3.0 suka zo, sai waɗanda kamfanin Escom ya sake fitarwa a 1995 ne ke da 3.1. Lambar tana bayyana a allon farko idan aka kunna kwamfutar babu faifai.

Mataki na biyu: wuta

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Akwatin wutar da Amiga 1200 ta zo da shi ƙarami ne, kimanin amfiya 3 yake bayarwa a layin bolt 5, abin da ya ishi kwamfutar ita kaɗai lokacin yana sabo. Idan aka ƙara kati da memori da babban faifai, sai layin ya riƙa faɗuwa, kuma alamar ba ta fitowa a matsayin matsalar wuta. Abin da za a gani shi ne kwamfuta na tsayawa cak a tsakiyar aiki, ko ta sake tashi da kanta lokacin da injin fulofi ya fara juyawa, sai mutum ya ɗora wa katin laifi.

Ka samu mitar auna bolt, ka buɗe kwamfutar kamar yadda aka bayyana a mataki na uku, ka auna layin bolt 5 a wurin da wayar wutar injin fulofi take, yayin da kwamfutar ke kunne. Awon da aka yi a bakin filogi babu kaya a kai ba ya nuna gaskiya, saboda doguwar wayar da tsohon soket suna cin wani abu a hanya. Abin da ake so shi ne adadi kusa da 5.0. Idan ya sauka ƙasa da 4.85 tun kafin a saka kati, to da wuya ya ɗauki ƙarin nauyi, idan kuma ya haura 5.25 to a kashe nan take, domin wuta mai yawa ta fi ƙarancinta ɓarna. Rubuta abin da ka samu, za ka sake aunawa bayan an saka katin. A da mutane kan ari akwatin Amiga 500, saboda wasu nau'o'insa sun fi amfiya 4, amma su ma sun tsufa, kuma sabon akwati da aka ƙera domin Amiga ya fi kwanciyar hankali.

Gargaɗi biyu a nan. Akwatin wutar Commodore 128 yana da filogi mai kusurwa huɗu mai kama da na Amiga, amma abin da ke cikin wayoyinsa daban ne, kuma haɗa shi da Amiga zai ƙona ta. Na biyu kuma, kwamfutar da aka sayo daga Amurka akwatinta na bolt 110 zuwa 120 ne, wutar Najeriya da Nijar da Ghana kuwa ta kusan 220 zuwa 230 ce irin ta Turai, don haka sai da taransifoma mai rage wuta. Wanda ke aiki da janareta, ko inda wuta ke hawa da sauka, ya sa sitabilaiza ko UPS a tsakani.

Mataki na uku: duba babban fanel

Tunda an riga an buɗe, sai a ƙarasa dubawa. Ana kwance sukurorin ƙasa, a ɗaga murfin a hankali saboda siririyar wayar fitilu da ke manne da shi, sannan a saki maƙalin faffaɗar wayar kibod kafin a ja ta, domin tana saurin lalacewa. Ƙarƙashin garkuwar ƙarfe za a ga ƙananan kafasitoci masu kama da gwangwani. A Amiga 1200, kamar a Amiga 600 da 4000 da CD32, waɗannan sun yi ƙaurin suna wajen yoyo, kuma ruwansu yana cin layukan tagulla a ɓoye. Alamominsa su ne dalma ta dushe ta daina ƙyalli, ko kore-kore a ƙafafun guntayen da ke kusa, ko wari irin na kifi idan wurin ya ji zafi. Idan ba a taɓa canza su ba, a canza su duka kafin a saka kati. Wanda bai saba aikin dalma a kan ƙananan kaya ba ya kai wa ƙwararren mai gyaran waya ko talabijin, ya kuma roƙe shi kada ya murɗe su da fulaya, saboda hakan kan ɓamɓaro tagullar da ke ƙarƙashi.

A kan fanel ɗin an buga lambar bugunsa. Idan ka ga 1D.4 ko 2B, ka riƙe wannan a ranka, domin waɗannan bugu biyu an san su da rashin jituwa da wasu katuna masu gudu, kuma maganin da aka saba yi shi ne cire wasu ƙananan kafasitoci biyu, E123C da E125C, da ke bayan fanel ɗin. Ban ga dalilin cire su tun kafin a gwada ba. Kwamfutoci da yawa suna aiki lafiya da su, kuma a wasu ma tun daga masana'anta ba a saka su ba. A bar wannan sai an tabbatar wuta da memori ba su da laifi.

Daga nan sai bakin mai haƙora 150. Goge shi da auduga da sifirit mai tsabta irin na isopropyl, sama da ƙasa, har audugar ta daina yin baƙi, a bar shi ya bushe. Kada a kankare shi da sanfefa, domin ruwan zinaren da ke kai siriri ne. Mayar da komai, kunna kwamfutar babu kati, ka tabbatar tana tashi kamar da. Wannan gwajin yana da muhimmanci, saboda idan wani abu ya faru daga baya za ka san ba buɗewar ce ta jawo ba. Ka kuma kwafe abin da ke kan babban faifai zuwa wani wuri.

Mataki na huɗu: shirya katin da manhajarsa

Kafin ka fitar da katin daga ledarsa, taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa, ko ka ɗaura abin hannu na sauke wutar jiki. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙwarai, wutar da ke taruwa a jiki daga tufafi da darduma ta isa ta kashe guntu ba tare da an ga ko tartsatsi ba. Riƙe katin ta gefunansa kawai.

Memorin SIMM ana shigar da shi a karkace, sannan a tura shi har maƙalan gefe biyu su kama. Yana da yanka a kusurwa guda wanda ke hana a juya shi, don haka idan ya ƙi zama, kada a tilasta. A nemi mai saurin nanosakan 60 ko 70, kuma a fi son mai guntaye a fuska ɗaya, saboda mai kauri kan hana ƙofar rufuwa. A kan Blizzard 1230 IV akwai jamfa biyu, wato 'yan hulunan roba masu haɗa ƙusoshi. Ɗaya na saurin memori ne, kuma ya fi kyau a fara da saitin da ya fi jinkiri. Ɗayan na MapROM ne, wanda ke kwafe Kickstart mai KB 512 zuwa Fast RAM domin ya fi saurin karantuwa, saboda haka idan ka ga rabin MB ya ɓace daga lissafi, can ya tafi. Duba batirin agogon ma, idan ya kumbura ko ya yi gishiri a cire shi.

Mai 68030 ba ya buƙatar komai a faifai. Mai 68040 ko 68060 kuwa dole ne ya zuba fayil ɗin 68040.library ko 68060.library da ya dace da katinsa a cikin LIBS:, wato wurin ajiye irin waɗannan fayiloli a faifai, tun kafin ya saka katin. Dalili shi ne waɗannan ƙwaƙwalwa biyu an rage musu wasu umarni da tsofaffin ke da su, kuma fayil ɗin ne ke cike gurbin, umarnin SetPatch da ke farkon Startup-Sequence, wato jerin umarnin da kwamfutar ke bi yayin tashi, shi ne kuma ke ɗora shi. Idan aka manta, kwamfutar na iya faɗuwa kafin ta kai Workbench, wato babban allon aikinta, sai an sake cire katin a gyara. Katunan Phase5 sun zo da nasu faifan, akwai kuma tarin MMULib na Thomas Richter mai yin wannan aiki.

Mataki na biyar: cusawa

Kashe wuta, zare filogin daga jikin kwamfutar gaba ɗaya tare da sauran wayoyi, sannan ka kife ta a kan tawul. Ɓalle ƙofar da tsabar kuɗi ko faffaɗan sukundireba. Dubi hoton da ke littafin katin domin sanin fuskar da ke kallon waje. Shigar da katin cikin ramin a ɗan karkace, ka kwantar da shi, ka daidaita soket ɗinsa da bakin fanel, sannan ka tura shi a miƙe da yatsu biyu a gefe biyu, ƙarfi daidai wa daida. Yana da tauri, musamman idan soket ɗin sabo ne, kuma ana iya ɗan rausaya shi kaɗan-kaɗan, amma kada a danna kan memori ko ƙwaƙwalwa. Da ya shiga, haska tocila ka duba: ya kamata haƙoran zinaren su shige daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kati da ya shiga a karkace na iya haɗa layin wuta da layin bayanai, kuma wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa kati da kwamfuta a lokaci guda. Kada a taɓa cusawa ko zarewa da wuta a kunne.

Mataki na shida: tashin farko da gwaji

Haɗa allo da linzami da wuta kawai, ka kunna kana danne da maɓallan linzamin biyu. Wannan zai buɗe allon Early Startup Control, kuma bayyanarsa kaɗai shaida ce cewa ƙwaƙwalwar na aiki. Ci gaba zuwa Workbench, ka dubi saman allo inda ake nuna memori kashi biyu: na hoto, da wanda aka rubuta other mem, wanda a da sifili ne, yanzu kuwa ya kamata ya nuna abin da ka saka. Buɗe Shell, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta cpu, zai faɗa maka irin ƙwaƙwalwar da ya gani da ko ƙananan ma'ajiyoyinta na ciki a buɗe suke. Umarnin avail zai nuna Chip da Fast dalla-dalla, ShowConfig kuma zai nuna adireshin da memorin ya zauna, wanda da shi za ka san ko ya shiga filin PCMCIA.

Yanzu sake auna bolt 5 a wurin da ka auna ɗazu, ka kwatanta. Sannan ka tayar da manhajar Amiga Test Kit ta Keir Fraser, ka bar gwajin memori yana zagayawa na wasu awoyi da ƙofar a rufe, domin kuskuren memori sau da yawa sai guntaye sun ɗumama yake fitowa. Mutane na son manhajar auna gudu ta SysInfo saboda tana ba da lambar da za a yi alfahari da ita, amma lambar ba ta cewa komai game da ko na'urar za ta jure aikin yini. Sai gwajin ya wuce babu kuskure ko ɗaya za a gwada matsar da jamfar memori zuwa saiti mai sauri, a kuma maimaita gwajin.

Idan abu ya ƙi

Launin allo a lokacin tashi yana magana. Ja na nufin matsalar ROM, kore na nufin Chip RAM, shuɗi guntayen hoto da sauti, rawaya kuma ƙwaƙwalwa ce ta ci karo da kuskure kafin tsarin ya gama tashi. Bayan saka kati, rawaya ko baƙin allo su aka fi gani, kuma galibi zaman katin ne bai yi daidai ba. Zare shi, sake gogewa, sake cusawa. Idan bai yi ba, cire SIMM ka gwada katin shi kaɗai, sannan ka gwada wani akwatin wuta. Canza abu ɗaya a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Sai waɗannan duka sun gaza ne za a koma ga E123C da E125C.

Idan kwamfutar na tashi amma wata manhaja na faɗuwa da jan akwatin kuskure, karanta lambar. 8000 0004 na nufin umarnin da ƙwaƙwalwar ba ta gane ba, 8000 000B kuma yawanci manhajar ce ke neman guntun lissafi da babu shi, ko fayil ɗin library da ba a ɗora ba. Tsofaffin wasannin fulofi da aka rubuta domin ƙwaƙwalwar 68000 ta Amiga 500 su ne suka fi kawo ƙorafi, saboda wasu suna auna lokaci da saurin ƙwaƙwalwa, wasu kuma suna sauya umarninsu da kansu yayin aiki, abin da ma'ajiyar ciki ke rikitawa. A Early Startup Control akwai wurin rufe ma'ajiyoyin da wurin komawa tsohon tsarin hoto. A Blizzard 1230 IV, danne maɓallin 2 lokacin tashi yana kashe katin gaba ɗaya tare da memorinsa. Hanya mafi dacewa dai ita ce WHDLoad ta Bert Jahn, wadda ke ɗora wasannin daga babban faifai tare da gyaran da kowanne ke buƙata, kuma ita kanta tana son Fast RAM mai yalwa.

Saura zafi. Katin yana zaune ne a ƙasa, tsakanin fanel da tebur, inda iska ba ta ratsawa. Ɗaga kwamfutar da ƙafafun roba masu ɗan tsayi, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, kuma ga 68040 da 68060 a sa ƙarfen shan zafi da ƙaramar fanka, ko a canza ƙofar da mai huji. A ɗakin da zafin bazara ke haura digiri 40 ko 68030 ma tana bukatar wannan kulawa. Akwai masu canza guntun kiristal domin tura ƙwaƙwalwa ta wuce gudun da aka rubuta mata, amma Motorola ta daɗe da daina ƙera waɗannan guntaye, kuma a irin wannan yanayi ƙarin MHz biyar ko goma bai kai a saka tsohon kati cikin haɗari ba.